Ɗalibin Tsimi da Tanadi: Ina Zai Nufa Bayan Digiri?



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wata tambaya da ke yawan zuwa wa malamin firamare, ko da yake ba a ajinsa ake koyar da darasin ba. A garuruwanmu, daga Kurugu da Turawa har zuwa Zarewa da Fulatan, idan lokacin cike takardar JAMB ya zo, malamin makaranta ake tsarewa a kasuwa ko a ƙofar gida. Uba zai ce, “Malam, yaron nan naku ya ce tsimi da tanadi zai karanta. In ya gama, wane aiki zai yi?” Amsar da aka fi ji gajeriya ce: banki. A kan wannan kalma ɗaya sai a sayar da sa, ko a jinginar da gona, ko uwa ta kwashe adashinta. Bayan shekara biyar ko shida, sau da yawa yaro ya dawo gida da digiri da takardar hidimar ƙasa, yana jiran kiran da bai zo ba. Tun da dukiyar gida da shekarun ƙuruciyar yaro ake sa wa a wannan ciniki, ya kamata mu san abin da za mu faɗa, kuma mu faɗe shi dalla-dalla.

Mu fara da shi kansa ilimin. Tsimi da tanadi, wanda wasu ke kira ilimin tattalin arziki, nazari ne a kan yadda mutane ke raba abin da bai wadata ba tsakanin buƙatun da suka yi yawa. Duk malamin da ya taɓa zama da albashinsa a ranar 28 ga wata, yana auna kuɗin masara da na magani da na makarantar yara, ya san tushen darasin. Abin da jami'a ke ƙarawa shi ne hanyar aunawa da alƙaluma: me ya sa farashi ya tashi, wa ya ci riba, wa ya yi asara, me zai biyo baya idan gwamnati ta canja doka. Mun ga irin waɗannan tambayoyi da idonmu. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki farashin naira a watan da ya biyo baya, kuma zuwa Disamba 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Babu gidan da wannan bai shiga ba a Karaye ko Rogo. Ilimin da ke bayanin irin wannan al'amari ba ilimin banza ba ne.

Kuma jiharmu tana da tarihi a wannan fage. Tsakanin Yunin 2009 da Maris na 2010, Ministan Kuɗi na Najeriya shi ne Dakta Mansur Muhtar, Ministan Tsare-tsaren Ƙasa shi ne Dakta Shamsuddeen Usman, Gwamnan Babban Banki kuma shi ne Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi. Dukansu 'yan Kano ne, kuma dukansu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi digirinsu na farko a wannan fanni. Zariya kuwa, ga mutumin Rogo, maƙwabta ce. Yana da kyau yaranmu su san waɗannan sunaye. Sai dai mu tuna musu cewa kujerun nan uku ne kacal, kuma masu su sun yi karatu mai zurfi bayan digirin farko, sun shafe shekaru suna koyarwa ko aikin banki da na gwamnati kafin su kai can. Wanda zai gina rayuwarsa dole ya dubi ƙofofin da dubban mutane ke shiga.

Kafin mu lissafa ƙofofin, ga wasu alƙaluma guda biyu da suka cancanci a dakata a kansu. Hukumar Ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin 100. Na farkon 2023 kuma, hukumar ta ce kashi 4.1 ne. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba. Ma'aunin aka canja: a sabon tsari, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a cikin mako ana ƙirga shi cikin masu aiki. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan suna cikin sana'o'in da ba su da takardar ɗauka, ba fansho, ba albashin ƙarshen wata. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya. Na farko, aikin ofis mai albashi ɗan ƙaramin yanki ne na abin da 'yan Najeriya ke ci da shi. Na biyu, wanda ya iya tambayar yadda aka auna kafin ya yarda da adadi, shi ne ya karanci tsimi da tanadi da gaske, kuma irinsa ake nema.

Ƙofa ta farko ita ce bankin da kowa ke ambato. Tana nan, amma ta ƙuntata. A gyaran da aka yi tsakanin 2004 da 2005, lokacin da aka ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. Tun daga nan, na'urar cire kuɗi da wayar hannu da masu POS na bakin kasuwa sun ɗauke aikin da a da magatakarda ke yi a bayan kanta. Bankuna da dama suna ɗaukar ma'aikatan kwantaragi a kan albashi kaɗan, suna ɗora musu nemo masu ajiya. Idan kuma za su ɗauki sababbin masu digiri, sukan sa sharaɗin sakamako mai kyau da iyakar shekaru, galibi ƙasa da talatin, sannan a yi jarrabawar lissafi da Turanci a kwamfuta. Wannan sharaɗi na shekaru yana cutar da yaranmu, domin da yawansu sukan makara wajen shiga makaranta, su maimaita WAEC ko NECO, sannan yajin aikin jami'o'i ya ci nasa rabon. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka. Saboda haka duk shekarar da yaro ya ɓata a ƙasa, a sama zai biya ta.

A cikin wannan ƙofa akwai wata taga da ke ƙara buɗewa, wato bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk a 2017 da naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman da ke koyar da harkar banki da kuɗi ta Musulunci. Yaron da ya tashi da karatun allo da na littattafan fiƙihu, ya san babin ciniki, sannan ya haɗa da digiri a tsimi da tanadi, yana da abin da ba kowane ɗan birni ke da shi ba. Iyayen da ke ƙyamar aikin banki saboda riba su san da wannan hanya.

Ƙofa ta biyu ita ce aikin gwamnati. A tarayya akwai Babban Banki, wanda ke da reshe a Kano, da Hukumar Ƙididdiga, da hukumar tara haraji, da Kwastan, da Ofishin Kula da Basussuka. A jiha akwai Ma'aikatar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi, da Ma'aikatar Kuɗi, da hukumar haraji ta jiha. A sakatariyar ƙaramar hukuma ma akwai sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk ranar da wannan ya tabbata a aikace, Karaye da Rogo za su buƙaci masu iya tsara kasafi da bin sawun kuɗi. Gaskiyar da ba za mu ɓoye ba ita ce, gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa tuli. Mu gargaɗi iyaye a kan masu yawo da takardar ɗaukar aiki ta sayarwa. An sha raba talaka da kuɗin gonarsa ta wannan hanya, ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Ƙofa ta uku tamu ce: koyarwa. Ana koyar da tsimi da tanadi a babbar sakandare, kuma makarantun karkara su suka fi ƙarancin malaman da suka karance shi. Mai digiri zai buƙaci difiloma ta koyarwa da rajistar Hukumar TRCN. Akwai kuma hanyar da da yawanmu muka sani: a yi NCE a Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso ko wata makamanciyarta, a haɗa tsimi da tanadi da lissafi ko labarin ƙasa, a fara aiki, sannan a shiga jami'a kai tsaye a aji na biyu. Ga gidan da ba zai iya ɗaukar nauyin shekara huɗu a jere ba, wannan hanya ta fi sauƙi, kuma ba ta rage wa kowa daraja. Ga 'ya'yanmu mata musamman, tana ba su damar yin aiki kusa da gida.

Ƙofa ta huɗu ba a cika ambatonta ba, alhali tana kusa da mu. Ayyukan raya karkara da na noma, irin waɗanda KNARDA ko ƙungiyar Sasakawa ko cibiyar IITA ta Kano ko Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ke gudanarwa, duk suna tafiya ne da bayanai. Sai an shiga ƙauye an tambayi manomi girman gonarsa, buhu nawa ya samu, nawa ya kashe, a shigar a waya, a tattara, a rubuta rahoto. Ana farawa ne da aikin tattara bayanai na 'yan makonni, daga nan mai ƙwazo ya zama mai duba aikin wasu, har ya kai jami'in bin diddigi da auna sakamako. Ɗan Yammedi ko Gwangwan da ya san yadda ake gaida dattijo, ya san bambancin kwano da tiya, ya san cewa manomi ba ya faɗin yawan hatsinsa ga baƙo kai tsaye, ya fi wanda aka turo daga nesa samo gaskiya. Abin da ya rage masa shi ne iya kwamfuta da rubuta Turanci mai tsabta.

Ƙofa ta biyar ita ce mafi faɗi, kuma a kanta muke so mu daɗe, domin ita ce aka fi rainawa. Ƙasarmu ta noma ce. Muna da masara da dawa da waken suya da shinkafa da rake. Muna da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, da ta Kusalla, da fadamun da ake noman rani. Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kaya na shiga suna fita. A can Dawakin Tofa kuma ga kasuwar Dawanau, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, inda ake tara riɗi da zoɓorodo da citta ana fitar da su ƙasashen waje. Tsakanin gonar manomi da sito a Dawanau akwai dillali, da mai mota, da mai awo, da mai ba da bashin taki, kowa da la'adarsa. Duk wannan tsimi da tanadi ne tsagwaronsa, kuma mafi yawansa da ka ake yin sa, ba rubutu.

Ga misalin da kowa a zauren nan zai tuna. An daɗe da sanin cewa hatsi na araha da kaka, ya yi tsada da bazara, saboda haka mai 'yan kuɗi yakan saya ya ajiye. Shekarun 2023 da 2024 sun ƙarfafa wannan tunani, domin farashi hawa kawai yake yi. Amma a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko sosai. Mutane da yawa da suka tara kaya, har da ma'aikatan da suka ci bashi suka saya, sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya yi karatun nan da kyau ya san cewa ribar ajiya ba bambancin farashi kaɗai ba ce. Sai an cire kuɗin sito, da na buhu da magani, da abin da ƙwari suka ci, da abin da kuɗin zai samar da an juya shi a wata harka, sannan a sa ido a kan sanarwar gwamnati da yanayin damina a sauran jihohi. Ba zai san gaibu ba, amma zai san kada a zuba jari duka a rumbu ɗaya.

Wani misalin shi ne masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka buɗe a 2016. Tana tsakiyar yankin da ake noman tumatir, amma ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir a farashin da zai yi wa manomi da kamfani daidai. Ga gona, ga inji, ga masu saye, abin da ya yi wuya shi ne tsarin da zai haɗa su: yarjejeniya, farashi, lokacin biya. Irin wannan giɓi yana nan a harkar rakenmu da mazarƙwaila, da kifin Challawa, da waken suya. Matashin da zai iya haɗa manoma hamsin su zama ƙungiyar gama kai mai rajista, ya riƙe musu littafin shiga da fita, ya sayo musu taki a sari, ya rubuta takardar neman jari da banki zai karɓa, ya nemo mai saye tun kafin girbi, wannan matashi ya ƙirƙiri aikinsa, kuma garinsu ya amfana. Muhammad Yunus na ƙasar Bangaladash malamin tsimi da tanadi ne a jami'a. A 1976 ya shiga ƙauyen Jobra da ke kusa da jami'arsu, ya tarar mutum 42 suna cikin ƙangin masu ba da bashi saboda abin da bai wuce dala 27 ba gaba ɗaya. Daga nan bankin Grameen ya samo asali, har ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2006. Ba sai mun kwafi tsarinsa ba. Abin lura shi ne a ƙauyen da ke bayan ajinsa ya samo aikin rayuwarsa.

Idan muka dubi ƙofofin nan biyar, za mu ga mabuɗinsu ɗaya ne. Babu mai biyan mutum don ya haddace ma'anar kalmomi. Ana biyan wanda ya iya lissafi, ya iya sarrafa alƙaluma, ya iya bayyana abin da suka nuna. Saboda haka ɗalibin da ya riga ya shiga jami'a kada ya guje wa kwasa-kwasan ƙididdiga da lissafi don suna da wuya; su ne kayan sana'ar. Ya ƙware a Excel tun yana aji ɗaya, ya koyi ɗaya daga cikin manhajojin nazari irin su Stata ko SPSS ko R. Ya yi binciken kammala karatunsa da ƙafarsa a kasuwar garinsu, kada ya saya a shagon buga takardu. Idan yana son harkar akanta ko banki, ya fara jarrabawar ICAN ko ta cibiyar ma'aikatan banki tun da wuri. Idan kuɗin makaranta ya gagara, akwai asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda babu ruwa a kansa. A karanta sharuɗɗansa, a tuna cewa bashi ne.

Yanzu ga inda maganar ta dawo kanmu. Ba a shiga wannan fanni a jami'a sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da shi kansa tsimi da tanadi, kuma sai an rubuta lissafi a JAMB. Yara da yawa sukan gudu daga ajin kimiyya don tsoron lissafi, su zaɓi wannan fanni, sai su tarar da abin da suka gudar wa yana jiransu a ƙofa. Tsoron nan kuwa ba a sakandare yake farawa ba. Yaron da ya bar aji huɗu bai riƙe jadawalin sau ba, ya bar aji shida bai gane kashi cikin ɗari ba, da wuya ya warware daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin mamaki, yarinyar da ke tallan gyaɗa ba ta kuskuren canji, yaron da ke bin babansa kasuwa ya san kuɗin kwano bakwai kafin ka zaro biro. Lissafin yana kansu. Aikinmu shi ne mu gina gada tsakanin wanda suka sani da wanda ke kan allo.

Wannan ba ya buƙatar jiran kayan aiki daga sama. A kafa ɗan kanti a kusurwar aji da gwangwanayen madara da kwalayen ashana da kuɗin takarda, a riƙa ciniki. A sa 'yan aji biyar da shida su rubuto farashin kwanon masara da na gero kowace ranar kasuwa, a liƙa a bango, a ƙarshen zango su zana yadda ya hau ya sauka, su faɗi dalili. A ba su tambaya irin ta gida: idan buhu na cin kwano 40, an saye shi kaza, an biya mota kaza, nawa za a sayar da kwano kafin a fita? Yaron da ya saba da irin wannan tun yana shekara goma sha ɗaya ya riga ya fara karatun da muke magana a kai, ko ya je jami'a ko bai je ba. Iyaye kuma, ku taimaka mana da abu biyu: ku sa yara makaranta a kan kari, kuma kada ranar kasuwa da lokacin girbi su riƙa cinye musu darasi.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan uba ya sake tsare ɗayanmu da waccan tambaya, mu fara da tambayarsa yadda yaron yake a lissafi, mu nemi ganin sakamakonsa. Idan yana da ƙarfi, mu ƙarfafa masa guiwa, mu lissafa masa ƙofofin nan duka, har da wadda ke bayan gidansu. Idan yana da rauni, mu faɗa masa gaskiya tun kafin a sayar da san, a nemi gyara ko a duba wani fannin da ya dace da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

 Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya sa abin da muke koya musu ya amfane su, ya amfani garuruwanmu.